Yadda ake lissafin dalmar da mutum ke shaƙa a iska, da abin da kalkuletar waya ba ta nunawa

Akwai wata tambaya da malaman Kimistiri ke son bayarwa a aikin gida idan an zo darasin ma'aunai da yadda ake juya su. Za a ba ɗalibi adadin iskar da mutum ke shaƙa a rana, a ba shi adadin dalmar da ke cikin iskar wani birni mai hayaƙi, sannan a ce ya nemo dalmar da ta shiga jikin mutumin a shekara guda. Lissafin bai wuce ninkawa ba, amma wuri ɗaya ne ke kayar da ɗalibai, kuma idan aka faɗi a nan amsar kan kauce har sau dubu.

Ɗalibin da ke Tambuwal ko Dogon Daji ko Kebbe zai iya ɗaukar tambayar a matsayin labarin Legas ko wani birnin Turai. Sai dai ƙaramar hukumar Kebbe na iyaka da jihar Zamfara, kuma a Zamfara ne aka yi ɗaya daga cikin masifun gubar dalma mafi muni da duniya ta gani a wannan zamani. Za a zo kan wannan bayan an gama da lissafin, domin lissafin ne ke sa a gane abin da ya faru a can.

Tambayar

A ɗauka malami ya rubuta haka a allo: babban mutum na jan iska lita 0.5 a kowane numfashi, sau 15 a minti ɗaya. Iskar garinsu na ɗauke da dalma maikrogiram 2 a kowace kubik mita. Kashi 40 cikin 100 na dalmar da ya shaƙa ne ke zama a huhu ya wuce cikin jini, sauran na fitowa da numfashi ko majina. Nawa ne nauyin dalmar da jikinsa ya ɗauka a shekara?

Lambobin nan na misali ne, ba wanda ya auno su daga iskar wani gari. Amma ba su yi nisa da gaskiya ba: lita 0.5 ita ce kimanin abin da babba ke ja idan yana zaune, kuma rabon da huhu ke riƙewa ana ƙiyasta shi tsakanin kashi 30 zuwa 50, ya danganta da ƙanƙantar ɓurɓushin.

Da farko a nemo iskar rana ɗaya. Awa tana da minti 60, rana tana da awa 24, wato minti 1,440 ke nan.

0.5 × 15 × 1,440 = lita 10,800

To, a nan ramin yake. An ba da iskar a lita, an ba da dalmar a kubik mita. Ma'aunai biyu ne daban, ba a ninka su kai tsaye. Kubik mita ɗaya, wadda ake rubutawa m³, akwati ne mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Kowace mita santimita 100 ce, saboda haka akwatin na cin 100 × 100 × 100, wato kubik santimita 1,000,000. Lita ɗaya kuwa kubik santimita 1,000 ce. Idan aka raba, akwatin na cin lita 1,000 daidai. Wanda ya fi gane abu da ido ya tuna da tankin ruwa na roba mai lita 1,000, ko jarka 40 masu lita 25 irin na 'yan ga-ruwa. Wannan shi ne kubik mita ɗaya.

10,800 ÷ 1,000 = kubik mita 10.8

Ma'ana mutum na wuce da iskar da ta kusa cika tanki 11 ta cikin huhunsa kullum, ko da bai yi aikin komai ba. Daga nan hanya a miƙe take:

10.8 × 2 = maikrogiram 21.6 da ake shaƙa a rana
21.6 × 0.4 = maikrogiram 8.64 da ke shiga jini a rana
8.64 × 365 = maikrogiram 3,153.6 a shekara

Maikrogiram 1,000 ne miligiram ɗaya, miligiram 1,000 ne giram ɗaya. Don haka amsar ita ce kimanin miligiram 3.15, ko giram 0.00315, ko kuma 3.15 × 10⁻³ g idan malami na son ta da irin rubutun kimiyya.

Ɗalibin da ya manta da raba 1,000 zai samu giram 3.15. Kalkuleta ba za ta yi masa gargaɗi ba, don ita lambobi kawai ta sani, ba ruwanta da lita ko mita. Maganin wannan shi ne a riƙa rubuta ma'auni a gefen kowace lamba, a kuma soke su kamar yadda ake soke lambobi a lissafin ɓangare. Kubik mita a rana, sau maikrogiram a kubik mita: kubik mita ta sama ta soke ta ƙasa, saura maikrogiram a rana. Idan aka ga lita a sama da kubik mita a ƙasa sun ƙi sokuwa, to akwai matakin da aka tsallake. Kada a raina wannan kuskure a ce na yara ne. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars mai suna Mars Climate Orbiter, saboda wata manhaja na fitar da lambobi da ma'aunin Ingilishi, wata kuma na karanta su a matsayin ma'aunin mita.

Wasu malaman kan ƙara wa tambayar jela, su ce a nemo yawan mol ko yawan atom. Dalma, wadda alamarta Pb ce kuma lambarta 82 a jadawalin sinadarai, mol ɗinta ɗaya na da nauyin giram 207.2.

0.0031536 ÷ 207.2 = 1.52 × 10⁻⁵ mol
1.52 × 10⁻⁵ × 6.022 × 10²³ = kimanin atom 9.2 × 10¹⁸

Yadda za a yi shi a waya

Yawancin kalkuletocin Android na komawa ta kimiyya idan aka kwantar da wayar. Maɓallin da ake nema shi ne EXP, wasu na rubuta shi EE, wasu ×10ˣ. Inda babu shi sai a yi amfani da alamar ^ a rubuta 6.022×10^23. Idan amsa ta fito kamar 9.17E18 wayar ba ta lalace ba, E ɗin na nufin "sau 10 a kan" lambar da ta biyo. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne rabawa: duk lambar da ke da ×10^ a jikinta a sa ta cikin baka kafin a raba da ita, in ba haka ba kalkuleta za ta raba da rabin farko ta ninka da rabin ƙarshe.

Mai son ya riƙa sauya lambobi yana ganin yadda amsa ke motsi, Google Sheets ya fi masa. A gida A1 a sa 10.8, a A2 a sa 2, a A3 a sa 0.4, sannan a A4 a rubuta =A1*A2*A3*365/1000. Duk lambar da aka taɓa, amsar miligiram za ta sauya nan take. Masu koyon Python kuma, manhajar Pydroid 3 na gudanar da wannan a waya ba sai da kwamfuta ba:

lita_a_rana = 0.5 * 15 * 60 * 24
iska_m3 = lita_a_rana / 1000
dalma_ug_m3 = 2
rabon_huhu = 0.4
ug_a_shekara = iska_m3 * dalma_ug_m3 * rabon_huhu * 365
print(round(ug_a_shekara / 1000, 2))

Zai fitar da 3.15. A lura da yadda aka liƙa ma'auni a jikin sunan kowane abu, m3 da ug. Ɗabi'a ce mai kyau ga duk mai rubuta manhaja, domin bayan wata uku shi kansa ba zai tuna ko "iska" a lita ya ajiye ta ba. Haka nan wanda ya jefa tambayar ga ChatGPT ko makamancinsa, ya bi amsar layi-layi ya duba inda aka juya lita. A ɗakin jarrabawar WAEC ko NECO babu wanda zai juya masa.

Miligiram 3.15 na da yawa ne?

A ido ba komai ba ne, bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba shi da illa. Ƙa'idarta ta iska ita ce kada dalma ta wuce maikrogiram 0.5 a kubik mita idan aka ɗauki matsakaicin shekara. Amurka ta fi tsanantawa: a 2008 ta sauko da iyakarta daga 1.5 zuwa 0.15. Idan aka sa 0.5 a gida A2 za a samu miligiram 0.79, idan aka sa 0.15 a samu 0.24. Garin da ke cikin tambayar ya ninka ƙa'idar hukumar lafiya sau huɗu ke nan.

Matsalar dalma ita ce jiki ba ya da wani amfani da ita, kuma yana ɗaukar ta tamkar sinadarin kalsiyam. A jini takan ragu da rabi cikin kimanin wata guda, amma ba duka ke fita ba, da yawa na komawa ƙashi da haƙora su zauna shekaru gommai. Mace mai ciki, idan jikinta ya fara ciro kalsiyam daga ƙashi don jariri, tsohuwar dalmar na biyo shi. A ƙananan yara tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. A manya tana haddasa hawan jini da ciwon ƙoda.

Irin wannan tambaya ta samo asali ne daga zamanin fetur mai dalma. A 1921 wani injiniyan kamfanin General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa zuba wani haɗin dalma a fetur na hana inji ƙwanƙwasa, aka fara sayar da shi a 1923. Shekaru da dama kowace mota na fesa ɓurɓushin dalma ta salansa, shi ya sa iskar manyan birane ta cika da ita. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara, har da Najeriya, sun daina amfani da shi zuwa farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Saboda haka tirelolin da ke ratsa Tambuwal a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, hayaƙinsu na da nasa illoli ga huhu, amma yau ba su ne babbar hanyar dalma ba. Tambayar littafi ta tsufa, ita dalmar ce ta sauya hanya.

Abin da ya faru a Zamfara

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, da yawansu bayan jijjiga da suma. An yi zaton sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, magani bai yi ba. Da aka auna jini sai aka ga dalma. Farashin zinariya ya tashi a lokacin, mutane na haƙo duwatsu su kawo cikin gari, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa, a shanya a tsakar gida. Duwatsun kuwa cike suke da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, binciken da aka yi ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, kuma kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka auna na da maikrogiram 45 ko fiye a kowace desilita ta jini, matakin da ake fara ba da maganin wanke dalma ke nan. Don a gane girman lambar, Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa a fara neman tushen dalmar tun daga 5.

Ga masu sha'awar na'urori, biyu ne suka yi aiki sosai a can. Akwai ƙaramar na'urar gwajin jini ta tafi-da-gidanka mai suna LeadCare, wadda iyakar abin da take iya karantawa 65 ne, kuma jinin yara da yawa ya wuce nan. Akwai kuma na'urar XRF ta hannu da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi ƙarafan da ke ciki cikin daƙiƙu. A wasu wuraren ta nuna dalma sama da 100,000 cikin miliyan, wato kashi 10 cikin 100 na ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Aikin gyaran shi ne kankare saman ƙasar gidaje a binne ta, a zuba sabuwa. Bagega, ƙauye mafi girma a cikinsu, sai a 2013 aka fara nasa, bayan gangamin #SaveBagega da Hamzat Lawal da ƙungiyarsa ta Follow The Money suka yi a Twitter suna matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin da ta yi alkawari. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Yanzu a dawo kan kalkuleta da waɗannan lambobi. Dalmar da ke cikin iska daidai take da yawan ƙurar da ke iskar sau rabon dalma a cikin ƙurar. A ɗauka ranar hazo ce mai kauri, ƙura ta kai maikrogiram 500 a kubik mita. Ƙasa ta yau da kullum na da dalma kimanin 20 cikin miliyan.

500 × 20 ÷ 1,000,000 = maikrogiram 0.01 a kubik mita

Ƙasa sosai da ƙa'idar 0.5. Amma idan irin wannan ƙurar ce ke tashi daga injin da ke niƙa dutse mai kashi 10 cikin 100 na dalma:

500 × 0.1 = maikrogiram 50 a kubik mita

Kaurin ƙura ɗaya, ido ba zai bambanta su ba, amma ta biyun ta ninka ta farko sau 5,000. Wannan ne kuma dalilin da ya sa manhajojin ingancin iska irin su AirVisual ba za su amsa wannan tambaya ba. Lambar PM2.5 da suke nunawa nauyin ƙananan ɓurɓushi ce gaba ɗaya, ba ta faɗin abin da aka yi su da shi.

Sai abin da tambayar littafi ba ta taɓo ba sam, wato baki. Masu ƙiyasin haɗari kan ɗauka ƙaramin yaro na haɗiye ƙasa da ƙura kimanin miligiram 100 a rana, ta hanyar tsotsar yatsa da abincin da ya faɗi ƙasa. A gidan da ƙasarsa ke da kashi 10 cikin 100 na dalma, miligiram 10 ke nan a rana. Hanjin yaro na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsewa, musamman idan yaron na fama da yunwa ko ƙarancin jini. Ko da kashi 30 kawai ya shiga jini, miligiram 3 ne. Abin da babban mutumin cikin tambaya ya tara a kwana 365, yaron ya tara shi a yini ɗaya, a jikin da bai kai kilo 12 ba.

Inda take ɓuya a Tambuwal da Kebbe

Ba sai garin da ake haƙar zinariya ba. Fiye da kashi uku cikin huɗu na dalmar da duniya ke amfani da ita na tafiya ne wurin yin batir, irin na mota da babur da yawancin na sola da ke gidaje da shagunan cajin waya. Batir yana rufe ba ya cutar da kowa. Idan ya mutu aka fasa shi, aka zubar da ruwan a ƙasa, aka narka farantan a wuta, a nan ne hayaƙi da farar ƙurar dalma ke fita, su kwanta a tufafi a kai su gida. Batirin waya na litiyam ne, matsalarsa daban ce.

Masu gyaran waya na da nasu kason. Wayar soda ta gargajiya haɗin kuza ce da dalma, dalmar na kai wa kashi 37 zuwa 40. Mutane da yawa na zaton farin hayaƙin da ke tashi daga bakin ƙarfen soda dalma ce. Galibinsa man da ke cikin wayar ne ke ƙonewa, kuma shi ma yana cutar da huhu, amma dalma na narkewa ne a digiri 327, ba ta tafasa sai ta wuce digiri 1,700, zafin da ƙarfen soda ba ya zuwa kusa da shi. Hanyar da take bi ta shiga mai gyara ita ce hannu: ya riƙe wayar soda da haƙori don hannuwansa biyu na aiki, ko ya tashi daga tebur ya ci ƙosai ko goro bai wanke hannu da sabulu ba.

Akwai kuma kwalli. Na dutse, mai ƙyalli, yawanci ma'adinin dalma ne haɗe da farar wuta. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da dalma ta hau jininsa saboda kwallin da aka kawo daga Najeriya, da aka auna kwallin aka samu sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Jariri na murza ido ya kai hannu baki.

Duk wannan lissafi ƙiyasi ne na abin da ya shiga, ba ya faɗin abin da ke cikin jinin wani mutum takamaimai. Wannan sai gwajin jini. Iyalin da wani nasu ke zuwa haƙar zinariya ko yake sana'ar fasa batir, idan yaro ya fara yawan ciwon ciki, kasala, amai ko jijjiga, ya kamata a faɗa wa likita sana'ar tun daga farko, don alamun na kama da na wasu cututtuka da aka fi sabawa da su. Kayan aiki da takalmi kuma su tsaya a wurin aiki, kada dutse ko farantin batir ya shigo tsakar gida.

Ga wata tambaya ta gwaji. Wani na aiki awa 8 a rumfar da ake narka batir, iskar wurin na da dalma maikrogiram 50 a kubik mita, wanda shi ne iyakar da dokar Amurka ta yarda ma'aikaci ya shaƙa a irin wannan tsawon lokaci. Saboda yana motsa jiki, yana jan lita 1,250 a awa. Huhunsa na riƙe kashi 40, yana aiki kwana 300 a shekara. Wanda ya juya lita daidai zai samu kubik mita 10 a rana, maikrogiram 200 a jini kullum, miligiram 60 a shekara, kusan ninki 19 na amsar farko. Wanda ya samu giram 60 ya koma layin lita.